Ciwon hannu bayan wunin jifan fatsa: daga ina yake, yaya ake kashe shi

Mai fatsar da ke jifa sau ɗaya duk sakan 30 ya yi jifa 120 a awa guda. In ya kwashe awa 8 a bakin ruwa, jifa 960 ke nan. Kowane jifa kuma da dawowarsa. A ce zare ya tafi mita 30, manaɗin zaren da ke jikin sanda kuma yana kwaso santimita 75 a kowane juyi, to sai an juya shi sau 40 kafin ƙugiya ta iso. A wuni ɗaya juyi ya haura 38,000, ban da fizga, da ɗaga kifi, da kwance zare in ya harɗe.

Babu jifa ɗaya a cikin waɗannan da zai ji wa lafiyayyen hannu ciwo. Abin da ke cin hannu abu uku ne idan sun haɗu: yawan maimaici, damƙa mai ƙarfi, da wuyan hannu a lanƙwashe. Ka rage ɗaya, sauran biyun sun rage kaifi. Shi ya sa za ka ga ƙato mai damatsa yana yarfe hannu tun la'asar, dattijon da ke gefensa kuwa yana ta jifa kamar yanzu ya iso. Ba ƙarfi dattijon ya fi shi ba, riƙonsa ne sako-sako, wuyan hannunsa kuma a miƙe.

Abin da ke ƙarƙashin fata

Mafi yawan tsokokin da ke dunƙule yatsu ba a tafin hannu suke ba. Suna sangalin hannu ne, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Ka kama sangalinka da ɗaya hannun ka dunƙule yatsu, za ka ji naman yana motsi. Daga can dogayen jijiyoyi suke sauka, su ratsa wuyan hannu, su je su kama ƙasusuwan yatsu. A nan sai an rarrabe, domin Hausa ta haɗa abubuwa daban-daban a suna ɗaya. Akwai jijiyar tsoka, wadda igiya ce mai jan ƙashi. Akwai jijiyar saƙo, wadda waya ce mai kai ji da umarnin motsi. Ta farko in ta ɓaci zafi take yi idan an motsa. Ta biyu in an matse ta, yatsu ne ke mutuwa, ko a ji kamar tafiyar kiyashi a cikinsu.

Wuyan hannu kansa ƙananan ƙasusuwa 8 ne a jere biyu. Jijiyoyin tsoka suna wucewa ta kansa a cikin kube mai santsi, an kuma ɗaure su da wani tantani mai tauri don kada su tashi daga jikin ƙashi. In wuyan hannu a miƙe yake, jijiya tana zamewa cikin kubenta ba gardama. In an lanƙwasa shi sannan aka damƙa, sai ta riƙa goga a gefe kamar igiyar guga a bakin rijiya. Guga ɗaya ba komai, amma duba bakin tsohuwar rijiya ka ga abin da igiya ta yi masa, da abin da ya yi wa igiya.

Jijiyar tsoka ba ta samun jini sosai kamar tsoka. Tsoka tana sabawa da sabon aiki cikin makonni, jijiya sai an yi watanni. Wannan ne ya sa ciwon ya fi kama wanda ya ajiye sanda wata huɗu, rana ɗaya ya ɗauka ya yi kwana uku a jere daga asuba zuwa magariba.

Sai sandar kanta. Duk abin da ya ja a samanta, tsawonta yana ninka shi kafin ya iso hannu. Ɗauki sanda mai mita 2.4, ka tokare gindinta a cikinka, hannunka yana santimita 40 daga gindin. In kifi ya ja da ƙarfin kilo 2 a saman sandar, hannunka sai ya ja kusan kilo 12, wato ninki shida. Lanƙwasar sanda tana rage wannan kaɗan, amma ba ta kawar da shi. Yanzu ka ɗauke gindin daga ciki, ka bar shi a iska, ka riƙe da hannu ɗaya: duk wannan murɗa ta koma kan wuyan hannu shi kaɗai. Masu faɗa da kifi a haka suna da yawa, kuma su ne ke kwana da zogi.

Wurin da ke ciwo shi ke faɗin mai laifi

Gefen babban yatsa yana cikin wuraren da ake kuka da su. Zafin yana kan ƙashin da ya ɗan fito a wuyan hannu, daidai ƙasan gindin babban yatsa, wani lokaci da ɗan kumburi. Jijiyoyi biyu masu ɗaga babban yatsa da buɗe shi suna bi ta wani matsattsen kube a wurin. Kuben ya yi kauri, hanya ta ƙuntata, duk motsi ya zama zafi. Likitoci suna kiran ciwon da sunan Fritz de Quervain, likitan fiɗa ɗan Suwizalan da ya bayyana shi a 1895. Motsin da ke kawo shi daidai yake da jifan hannu ɗaya: babban yatsa a danne kan mariƙi, wuyan hannu yana sara sama da ƙasa kamar mai buga guduma. Wanda manaɗinsa ke zaune a kan sanda ya fi shiga haɗari, don babban yatsansa ne birkin zare a kowane jifa, ba ya hutawa. Gwajinsa a gida mai sauƙi ne. Ka sa babban yatsa cikin tafin hannu, ka rufe shi da sauran yatsu, ka karkata hannun a hankali zuwa wajen ƙaramin yatsa. In zafi ya tsarga a gefen babban yatsa kamar an soka allura, alama ce. A gwada ɗaya hannun ma, domin lafiyayyen hannu shi ma yakan ji ja kaɗan, bambancin ne abin dubawa.

Akwai ɗan'uwansa da ake yawan rikita su. Shi zafinsa ya fi hawa sama, kamar faɗin yatsu uku ko huɗu daga wuyan hannu, ta bayan sangali, inda jijiyoyin babban yatsa ke gicciye na wuyan hannu. In ka ɗora yatsa a wurin kana motsa hannun, kana iya jin ƙiƙi-ƙiƙi kamar sabon takalmin fata. Masu tuƙa kwalekwale da filafili sun san shi. In kuwa zafin yana can cikin gindin babban yatsa ne, yana tashi idan za a buɗe murfin kwalba ko a murɗa makulli, mutum kuma ya haura hamsin, to mai yiwuwa guringuntsin gaɓar ne ya zaizaye, jifa tone shi kawai ya yi.

Gefen ƙaramin yatsa kuma nasa daban. A nan akwai wani faifan guringuntsi tsakanin ƙashin sangali da ƙasusuwan wuyan hannu, da wata jijiya mai bi ta bayan ɗan ƙashin nan da ya yi tsini. Murɗa hannu da nauyi shi ke cin su: fizgar sanda ƙasa-ƙasa don a sa kifin roba ya yi rawa, ko juya manaɗi da wuyan hannu a karkace. Alamarsa zafi idan za a murɗa mariƙin ƙofa ko a dafa kujera a tashi, wani lokaci da ƙas a ciki.

Mutuwar yatsu kuwa maganar jijiyar saƙo ce, kuma yatsun da suka mutu su ke nuna wace ce. Ta cikin wuyan hannu, wajen tafi, akwai wani kwararo da jijiyoyin tsoka 9 suke bi tare da jijiyar saƙo guda ɗaya. Wurin ba ya buɗewa. In kubban jijiyoyin suka kumbura, ko aka daɗe da wuyan hannu a lanƙwashe, ita ce mai laushi, ita ake matsewa. Sai babban yatsa, da manuniya, da na tsakiya, da rabin na kusa da ƙarami su mutu. Abin ya fi tashi da dare, mutum ya farka yana yarfe hannu. Ka haɗa bayan hannayenka biyu a gaban ƙirji, yatsu suna kallon ƙasa, ka tsaya sakan 60. In tafiyar kiyashi ta taso a waɗannan yatsun, kwararon ne. In kuwa ƙaramin yatsa ne da rabin maƙwabcinsa, wata jijiyar ce daban, wadda ke bi ta bayan gwiwar hannu ta ciki (ita ce ke ba da wannan girgizar in an bugu a wurin). Ana matse ta a gwiwar hannu in an daɗe da ita a naɗe, ko a dunduniyar tafin hannu inda gindin sanda ko ƙafar manaɗi ke danna.

Yatsan da ke maƙalewa a lanƙwashe, sai an ja shi ya buɗe da ƙas, musamman da safe, ciwonsa a tafin hannu yake, daidai gindin yatsan. Jijiya ta yi ƙulli tana sarƙewa a bakin kube. Damƙar abu mai tauri da siriri na dogon lokaci ke jawo shi, kuma masu ciwon sukari sun fi samunsa.

Gwiwar hannu ma ciwon wuyan hannu ne da ya yi ƙaura. Tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu duk sun kama ne a ƙashin waje na gwiwar hannu, kuma su ne ke tsayar da shi duk lokacin da aka damƙa. Zafi a wurin idan an ɗaga buta ko an yi musabaha shi ake kira ciwon 'yan tenis, ko da yake galibin masu shi ba su taɓa riƙe abin buga tenis ba. Na ƙashin ciki kuma daga tsokokin lanƙwasawa yake, ya fi bin masu jifan dalma mai nauyi.

Gyaran riƙo da jifa

Wuyan hannu linzami ne, doki yana can a ƙugu da kafaɗa. Jifa mai kyau daga ƙafa yake farawa: nauyin jiki ya tashi daga ƙafar baya zuwa ta gaba, ƙugu ya juya, gwiwar hannu ta biyo tana kusa da haƙarƙari, sangali ya zo, wuyan hannu kuma ya ƙarasa da ɗan guntun motsi a ƙarshe. Sanda an yi ta ne ta lanƙwashe ta harba. Wanda ke sara da wuyan hannu tun daga farko yana yin aikin da ya sayi sanda ta yi masa.

A riƙo, ma'auni shi ne a riƙe mariƙi kamar an riƙe ɗan tsako: kada ya kuɓuce, kada kuma ya mutu. Ana matsawa ne a daidai lokacin da sanda za ta tsaya a ƙarshen jifa, ƙasa da sakan ɗaya, sannan a saki. Ka duba farcenka da gaɓoɓin yatsunka yayin da kake jan zare. In sun yi fari, damƙar ta yi yawa. Hannu ya fi ƙarfin damƙa idan wuyansa ya ɗan ɗago baya kaɗan, kamar digiri 20 zuwa 30, yadda yake zama da kansa in ka dunƙule. Duk lanƙwasar da ta wuce haka, ko gaba ko gefe, tana rage ƙarfin, sai mutum ya ƙara matsawa don ya cike gurbi, ciwon ya ninku.

In mariƙin sanda ya kai tsawon a sa hannu biyu, a sa. Hannun ƙasa yana jan gindi zuwa ciki, na sama yana turawa, aikin ya rabu, jifa ma ya fi nisa. Mai manaɗin kan sanda ya juya hannunsa lokacin jifa yadda hannun manaɗin zai kalli sama. Wannan ƙaramin juyi yana mayar da motsin wuyan hannu daga saran gefe zuwa gaba da baya, inda gaɓar ta fi yalwa, babban yatsa kuma ya huta. Mai manaɗin da ke rataye ƙarƙashin sanda yakan sa ƙafar manaɗin tsakanin yatsan tsakiya da na kusa da ƙarami. In wurin ya fara kanta ko yatsa ya fara mutuwa, ya matsar da ita zuwa wani tsakanin na ɗan lokaci. Masu irin fatsar nan da nauyinta ke cikin zaren, ake kaɗa shi gaba da baya a iska kafin a sake, su matsalarsu karyewar wuyan hannu ce a kaɗin baya. Tsohuwar dabara ita ce a cusa gindin sanda cikin hannun riga, ko a ɗaure shi sako-sako da sangali, a yi atisaye a haka har hannu ya koya. Su kuma rage kaɗi: biyu ya isa inda ake yin shida don al'ada.

Wajen faɗa da kifi, gindin sanda ya kwanta a jikin sangali ko ya tokari ciki. A ɗaga sanda da baya da kafaɗa, a sauke ta ana naɗe zaren da ya saki, a sake ɗagawa. Manaɗi ba injin jan kaya ba ne. In ƙugiya ta maƙale a ƙasa, kada a naɗa zare a hannu, kada kuma a yi ta fizga da sanda. A naɗa shi a guntun itace a ja a miƙe.

Kayan da ke ƙara wa hannu aiki

Mutane suna tambayar nauyin sanda, alhali inda nauyin ya zauna ya fi muhimmanci. Ka ɗaura manaɗi, ka ɗora sandar a kan yatsa ɗaya ka nemi inda za ta tsaya daidai. In wurin yana kusa da inda hannunka ke riƙewa, madalla. In ya yi gaba sosai, kan sandar yana rinjaya, wuyan hannu zai wuni yana ɗaga shi ko ba a jifa. Ɗan nauyi a gindin sanda, ko manaɗi mai ɗan ƙarin nauyi, yakan gyara. Sanda mai nauyi da ta daidaita ta fi sauƙi a hannu a kan marar nauyi mai rinjaye.

Kaurin mariƙi ma haka. Masu ƙera kayan aikin hannu sukan nemi kauri kamar santimita 3 zuwa 4 don cikakkiyar damƙa, mariƙan sanduna da yawa kuwa ba su kai haka ba. In yatsunka suna nitsewa cikin tafin hannu bayan sun zagaye mariƙi, ya yi maka siriri. A naɗa masa tef irin na abin buga tenis ko na kan keke, zagaye ɗaya ko biyu. Mariƙi mai santsi da majinar kifi ko ruwa yana sa a ƙara damƙa ba a sani ba, don haka tsumma a aljihu magani ne. Safar hannu mai kauri fiye da kima ita ma tana sa a matsa, gara siririya mai kama abu.

Galibin sandunan kanti an rubuta musu iyakar nauyin da za su jefa, kusa da mariƙi. In abin jifa ya gaza wannan, sanda ba ta lanƙwashewa, sai hannu ya yi ƙarfin. In ya wuce, kowane jifa duka ne ga gaɓa. Saƙaƙƙen zare kusan ba ya miƙewa ko kaɗan, saboda haka duk bugun kifi da duk karo da dutse kai tsaye yake isowa hannu. Zaren nailan yana ba da kai, yana shanye wani abu. Mai ciwo ya ƙara guntun nailan a gaba, ya ɗan sassauta birkin manaɗi. Sai dai a jifan dalma mai nauyi akasin haka ake yi: a ɗaure birki tam kafin jifa, a sa wa manuniya kariya, don in zare ya zame a kan yatsa yanka yake kamar reza. Kifin roba mai dogon baki da ke nutsewa ƙasa yana da turjiya sosai. Da manaɗi mai saurin juyi, irin mai 7 ga 1 (wato zare ya naɗu zagaye 7 a juyin hannu ɗaya), kowane juyi ya fi tauri. Mai 5 ga 1 ya fi sauƙi a hannu ko da juyin ya ƙaru.

Birgi, wato ragar da ake jefawa ta buɗe a kan ruwa, nasa lissafin daban. Babban birgi da dalmarsa yana iya kai kilo 5, in ya jiƙe ya ƙara. Jifansa juyin ƙugu ne gaba ɗaya, kuma wanda ya nemi buɗe shi da murɗar wuyan hannu zai gane kurensa a gefen ƙaramin yatsa da kafaɗa. Igiyar da ake zargawa a wuyan hannu tana da illa biyu. In zarge ce mai shaƙewa, tana danne wata jijiyar saƙo da ke kwance kusa da fata a gefen babban yatsa, bayan hannu ya riƙa raɗaɗi ko ya mutu na makonni. Ta biyun ta fi muni: birgi ya maƙale a ƙasa, jirgi yana tafiya, hannu ya ƙi fita. Madaukin ya zama mai faɗi, wanda ba ya shaƙewa, wanda hannu zai zare daga ciki nan take. Mai fatsar hannu zalla, ba sanda, shi kuma matse zare tsakanin babban yatsa da manuniya ke cinsa. Naɗa zare a katako ko gwangwani mai faɗi, a ja da dukan hannu, ya fi.

A tsawon wuni, hutun minti 5 duk rabin awa ko minti 40 ya fi hutun awa guda da rana tsaka. A ajiye sanda, a buɗe yatsu, a girgiza. A riƙa canza salo: awa ɗaya ta fizga, awa ɗaya ta jifa a jira. Koyon jifa da ɗaya hannun yana cin mako biyu ko uku na kunya, amma babu abin da ya kai shi raba nauyi. Sanyi yana rage ji a yatsu, a ƙara damƙa, don haka hannu ya zauna a bushe da ɗumi. Wanda kuma ya yi awa guda riƙe da hannun injin jirgi mai karkarwa kafin ya iso wurin su, ya sani hannunsa ya riga ya fara aiki.

In ciwon ya riga ya kama

Tsamin tsoka da ke tashi washegari ya wuce cikin kwana biyu ko uku ba abin damuwa ba ne. Wanda ake tsoro shi ne zafin da ake nunawa da yatsa ɗaya, mai dawowa da wuri a kowace fita. Mataki na farko a rage abin da ke tayar da shi, ba a ɗaure hannu a zauna ba. Jijiyar da aka hana aiki gaba ɗaya rauni take ƙarawa. Ma'aunin da likitocin gashin ƙashi ke bayarwa mai amfani ne: in ka auna zafi daga 0 zuwa 10, aikin da bai wuce 3 ba, kuma ya lafa kafin awa 24, ana iya ci gaba da shi. In washegari ya fi jiya, an yi yawa, a rage rabi.

Ƙanƙara a cikin tsumma minti 10 zuwa 15 tana kwantar da zafi bayan aiki. Ruwan ɗumi ya fi dacewa da taurin safe. Man shafawa mai diklofenak yana isa waɗannan jijiyoyin tunda kusa da fata suke, kuma ya fi ƙwaya sauƙi ga ciki. Ibufurofen, in za a sha ba da takardar likita ba, kada ya wuce miligiram 1,200 a yini, da abinci, na 'yan kwanaki. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, da mai shan maganin tsinka jini su bar shi sai da izinin likita. Shan sa a wuni cikin rana ba ruwa a jiki yana wahalar da ƙoda. Babban kuskure kuwa shi ne a haɗiyi magani da asuba don a iya wuni ana jifa: an kashe ƙararrawa, gobara tana ci.

Abin ɗaure hannu kowane ciwo da irin nasa. Na gefen babban yatsa sai wanda ya haɗa da babban yatsan ya tsayar da shi, mako 4 zuwa 6. Na kwararon wuyan hannu da dare ake sa shi, ya riƙe hannu a miƙe, kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa. Bandejin roba da aka ɗaure tam ba ya yin ko ɗaya daga cikin wannan, matsi kawai yake ƙarawa. Allurar sitiroid, mai kwantar da kumburi, tana aiki sosai a ciwon De Quervain da yatsa mai maƙalewa. A gwiwar hannu kuwa sauƙinta na makonni ne, ciwon yakan dawo, kuma bayan shekara waɗanda aka yi wa ba su fi waɗanda suka yi haƙuri da motsa jiki ba. Wanda aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta sifurofulokzasin ko danginsa ya sassauta wa hannu, domin an san suna raunana jijiyar tsoka.

Idan zafin ya fara sauka sai a gina jijiyar. A ɗora sangali a kan tebur, hannu ya leƙo waje, tafi yana kallon ƙasa, riƙe da rabin kilo (gorar ruwa ta rabin lita ta isa). A ɗaga da taimakon ɗaya hannun, a sauke shi kaɗai a hankali cikin sakan 3 zuwa 4. Sau 12 zuwa 15, zagaye uku, rana ɗaya a tsallake ɗaya. A juya tafi sama a maimaita. Sannan a riƙe guduma ta ƙotarta, gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, a kwantar da ita dama da hagu a hankali. A sa robar ɗaure kuɗi a kan yatsu biyar a riƙa buɗewa, don tsokokin buɗewa su ne jifa ke bari a baya. In an yi mako guda ba ƙarin zafi, a ƙara nauyi kaɗan. Sakamako sai mako 6 zuwa 12, na gwiwar hannu yakan ja watanni. Komawa ruwa ma da tsani: awa biyu, hutun kwana ɗaya, sannan uku.

Waɗanda ba a jira da su

Mutuwar yatsu da ta daina tafiya, ko tsokar gindin babban yatsa ta fara lotsawa, ko abu ya riƙa suɓucewa daga hannu, alamar jijiyar saƙo ta fara lalacewa ce, kuma in aka daɗe ko fiɗa ba ta dawo da komai. Zafin da ke saukowa daga wuya zuwa yatsu, yana canzawa idan an juya kai, a wuya yake. Ciwon hannu tare da nauyin ƙirji, gumi da haki, ko hannu ya saki farat ɗaya tare da karkacewar baki, asibiti ne a wannan sa'a.

Wanda santsi ya kwashe shi a kan dutse ko cikin jirgi ya dafa da tafi, sannan ɗan ramin da ke bayan gindin babban yatsa yana zafi in an danna, kada ya ce targaɗe ne. Ƙaramin ƙashin da ke wurin yakan karye hoton farko bai nuna ba, sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14, kuma jininsa kaɗan ne, in ba a tsayar da shi ba ya ƙi haɗewa.

Sai sukar ƙaya ko ƙugiya. Yatsan da ya kumbura gaba ɗayansa, ya tsaya a ɗan lanƙwashe, yana zafi a bin cikinsa, ba ya yarda a miƙe shi, ƙwayar cuta ce ta shiga kube, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu tana iya kashe jijiyar. Ja da kumburi masu gudu da zazzaɓi bayan rauni a ruwan gishiri mai ɗumi gaggawa ce, musamman ga mai ciwon hanta ko sukari. Akwai kuma mai tafiyar hawainiya: wata ƙwaya 'yar'uwar ta tarin fuka da ke rayuwa a ruwa da jikin kifi, tana shiga ta ƙaramin ƙwarzane, bayan makonni ta fito da ƙulli a bayan hannu ko kumburin jijiya da ke kama da na yawan jifa sak. In aka yi mata allurar sitiroid bisa kuskure, ƙara bazuwa take yi. Saboda haka a faɗa wa likita tun farko cewa hannun yana shiga ruwa yana taɓa kifi, domin a ɗakin gwaji wannan ƙwayar ta fi tsirowa a zafin digiri 30 zuwa 32, ba a 37 da aka saba ajiye samfuri ba, kuma sai an sanar da su za su neme ta.